Zan iya saka wa maigidana ƙwayar hana shan giya a abinci ba da saninsa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, 'ya'yanmu huɗu. Shekara tara ke nan maigidana yana shan giya. Da sai ranar Asabar in ya shiga Sabon Gari, yanzu kuwa kullum ne, har 'yan ledojin nan nake tsinta a aljihunsa in na zo wanki. Da safe hannunsa rawa yake yi, kofin shayi ma ba ya riƙuwa sai ya fita ya dawo. Yana kuma shan maganin hawan jini. Na kai kuka wurin yayansa, an yi nasiha, an yi rubutu, ya yi rantsuwa ya karya. Maƙwabciyata ta ce akwai wata ƙwaya, Antabuse, in na daka na zuba masa a kunu bai sani ba, da ya sha giya zai yi ta amai har ya tsane ta har abada. Ta raka ni wani kemis na saya. Yau kwana uku ke nan tana ƙasan akwatina, gabana sai faɗuwa yake yi. Nawa zan saka, kuma na kwana nawa? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, kada ki saka, ko da rabin ƙwaya ne. Faɗuwar gaban da ta hana ki a kwana ukun nan rahama ce daga Allah. Ba zan ba ki adadi ba, domin babu adadin da ya halatta a ba mutum na wannan magani a ɓoye.

Ƙwayar da kika saya sunanta disulfiram, Antabuse sunan kasuwa ne. Hanta tana sarrafa giya hawa biyu: ta fara mayar da ita wani guba mai suna asetaldihaid, sannan ta narkar da gubar. Wannan ƙwaya hawa na biyu take toshewa, sai gubar ta taru a jini ninki biyar zuwa goma. Minti 10 zuwa 30 bayan an kurɓi giya jiki zai ɗauki zafi, kai ya riƙa sara, gumi ya karyo, zuciya ta kama dukan uku-uku, numfashi ya yi wuya, amai ya zo, awon jini ya faɗi ƙasa warwas. Maƙwabciyarki amai kaɗai ta ji labari. Ba ta ji cewa in giyar ta yi yawa abin yana kaiwa ga rikicewar bugun zuciya, da jijjiga, da suma, da mutuwa ba. Tsananin abin kuwa gwargwadon giyar da aka sha ne. Wanda ya san ƙwayar tana jikinsa, in Shaiɗan ya rinjaye shi, kurɓa ɗaya zai yi ya ji alama ya ajiye. Wanda bai sani ba kuwa, zai ɗaga leda uku ko huɗu a jere kamar yadda ya saba, kafin alamar farko ta iso ya riga ya cika cikinsa. Ga shi kin ce yana da hawan jini yana shan magani. Mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai taɓin hankali, da mace mai ciki, ko da sun roƙe mu da bakinsu ba ma rubuta musu. Mai hawan jini ma sai an yi dogon nazari. Shi ya sa a Amurka, inda aka amince da maganin tun 1951, gargaɗin da ke saman takardarsa cikin baƙin akwati shi ne kada a taɓa bai wa mutum yana cikin maye ko ba da cikakken saninsa ba, kuma likita ya ja kunnen dangi a kan haka.

Zan daɗe a nan, domin wannan zance na "a zuba masa a abinci" ya ishe ni. Daga bakin mata nake jinsa, daga bakin iyaye, har da masu ilimin boko da ya kamata a ce sun fi haka. Kowa ya ɗauka ƙwayar tana shiga jini ne ta wanke sha'awar giya kamar yadda sabulu ke wanke maiƙo. Ba ta taɓa sha'awa ko kaɗan. Wanda ya haɗiye ta da safe, ƙishin giyarsa da la'asar yana nan yadda yake jiya. Abin da ya canja ɗaya ne: ya san in ya sha zai wahala, ya kuma san ko ya daina haɗiya yau, aikinta zai iya kai mako biyu a jikinsa. Wannan sanin shi ne maganin. Shi ne yake tsayar da ƙafarsa in abokai sun kira shi bayan Magariba. A 1986 an buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan maza 605. Wasu an ba su cikakken adadi, miligiram 250, wasu an ba su miligiram 1 kacal wanda ba ya yin komai, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Wajen barin giya gaba ɗaya ba a ga wani bambancin kirki a tsakaninsu ba. Waɗanda suka riƙe shan ƙwayarsu da zuwa asibiti su suka fi kamewa, ko a wane rukuni suke. To ke da za ki ba shi bai sani ba, kin cire sanin da yake shi ne amfanin, kin bar masa gubar zalla.

Kuma ki bi abin zuwa ƙarshensa. A ce ya sha kunun, ya fita, ya faɗi a bakin titi tsakanin PZ da Tudun Wada, ko yana kan babur. An kwashe shi an kai asibiti, likita yana tambaya me ya sha, shi bai sani ba, ke kuma tsoro ya hana ki faɗa. Na taɓa tsayawa a kan wani magidanci da aka kawo cikin dare jiƙe sharkaf da gumi, awon jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, muna ta neman dalili, sai can wajen Asuba mahaifiyarsa ta jawo ni gefe tana kuka ta ciro ƙullin takarda daga bakin zanenta. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma da ya ji abin da aka yi masa, ya daɗe ba ya cin abincin gidan, giyar kuma bai bari ba. Ke matarsa ce, ba mahaifiyarsa ba. In wani abu ya same shi, danginsa ba za su ce garin neman gyara ne ba, cewa za su yi kin ba shi guba, kuma hukuma ma tambayarki za ta yi. Garin gyaran gira kada a rasa ido, a bar yara huɗu ba uba, uwa kuma tana amsa tambayoyi.

Shi kuma mai kemis ɗin da ya miƙo miki, ya ji tsoron Allah. Lasisin kemis na unguwa na ƙananan magunguna ne, wannan kuwa sai da takardar likita. Bai ga mara lafiya ba, bai tambayi hawan jini ba, bai tambayi hanta ba, alhali ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan kuma da yawan masu shi ba su sani ba, ƙwayar kuma ita kanta tana iya taɓa hanta. Bai gaya miki ba a haɗa ta da Flagyl ba, wanda kowane gida ake sha da zarar ciki ya murɗa, haɗuwarsu kuwa tana iya rikita hankali. Bai ce miki tana karo da wani maganin tarin fuka, da na farfaɗiya, da na tsinka jini ba. Ya karɓi kuɗi ya juya ga na bayanki. Haka masu zagayawa da mota da lasifika a kasuwa suna tallan garin da wai ke sa mashayi ya yi amai ya tuba. Amai ba tuba ba ne. Wasu ruwan sassaƙen da ake sayarwa a kwalba ma da giyar ake jiƙa su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne rawar hannun nan ta safe. Alama ce jikinsa ya riga ya dogara da giya, fitar da yake yi ya dawo daidai kuwa, sha yake zuwa yi don rawar ta lafa. Mutum irin wannan yanke giya rana ɗaya haɗari ne a kansa. Cikin awa 6 zuwa 24 rawa da gumi da rashin barci za su fara, tsakanin awa 12 zuwa 48 jijjiga tana iya zuwa, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu sukan rikice, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, jiki ya yi zafi. Wannan matakin yana kisa in ba a kula ba. Mukan gan shi a farkon azumi, bawan Allah ya yi niyya mai kyau ya ajiye kwalba, a kwana na uku ya faɗi, gida a ce aljanu ne a kama hayaƙi. Ko a ɗauke shi a kai gidan mari a sa masa sarƙa. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga irin gidan nan a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300. Antabuse ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. Abin da yake buƙata da farko shi ne a sauke shi daga giyar a hankali a gaban likita, da maganin kwantar da jijiyoyi da ake ragewa kullum na kamar mako guda, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Bayan nan ne ake zancen ƙwayar da za ta taimaka masa ya riƙe. Ga mai hawan jini ni ba da Antabuse zan fara ba. Akwai naltirekson, mai rage daɗin da ake ji a giya da ƙishinta, sai dai ba a ba wanda ke shan Tramol ko kodin, don haka dole ya faɗi gaskiya in yana haɗawa. Akwai akamfuroset, mai kwantar da ƙaiƙayin da ke biyo bayan bari, shi kuma ƙoda ake dubawa. Samunsu a nan ba kullum ba ne, kuma da tsada, wannan abin takaici ne da ya kamata masu sayo wa asibitoci magani su duba.

Ban ce Antabuse ba ta da amfani ba. Na ga waɗanda ta riƙe, kuma duk hanyarsu ɗaya. Mutum ya zo da ƙafarsa ya ce yana so. An gwada hanta, an duba zuciya. Ya yi aƙalla awa 12 bai sha ba, ni nakan fi son kwana guda cur. An karanta masa abin da zai guje wa: maganin tari na ruwa mai giya a ciki, ruwan kurkure baki, ruwan sassaƙen kwalba, har turaren fesawa da ruwan goge hannu ga wanda jikinsa bai jure ba. Sannan ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa haɗiya a gabansa kowace safiya. Sau da yawa matar ce. Kin ga ashe kina da wuri a wannan magani, amma a fili, ke ki miƙa, shi ya karɓa da hannunsa ya haɗiye kuna kallon juna. In idonsa ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, a tsaya a dawo asibiti ranar.

Ina kuma da magana da yayansa da sauran dangi. Nasiha da addu'a ba a raina su, amma ku daina tsammanin rantsuwa za ta warkar da jikin da ke rawa. Allah da Ya halicce mu bai haramta giya rana ɗaya ba: aka fara cewa zunubinta ya fi amfaninta, aka zo kada a kusanci salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aka ce a nisance ta. An kuma ruwaito cewa da aka yi ta kawo wani sahabi saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu kuwa sai mu ɓoye namu saboda kunyar unguwa har hanta ta kumbura, sannan mu kawo shi a kwance. Haramcin giya yana nan daram, kai mashayi asibiti kuma ba ya rage komai daga haramcin.

Ga abin da za ki yi a makon nan. Ki samu yayan nasa ki nuna masa ƙwayar da wannan amsa. Ku zauna da maigidan da hantsi, lokacin da ya fi natsuwa, ba da dare yana cikin maye ba, kuma ba a gaban yara ba. Kada ku fara da zancen giya, ku fara da rawar hannu da hawan jini, ku ce likita kuke so ya duba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In sunan sashen ne zai sa ya tirje, ku fara ta wurin likitan da ke duba hawan jininsa, shi zai tura ku. In ya ƙi a karon farko, ke ki je ki ga likita ke kaɗai, muna karɓar iyali. In kuwa yana dukanki ko yaran in ya sha, ki kwashe su ku koma gidanku tukuna, a yi maganar daga can. Ranar da za ki zo ki taho da ƙwayar a cikin kwalinta, kafin nan kuma ki sa wa akwatin kwaɗo saboda yara.