Hakiya a idon manomi: me ya sa ta fi yawa a karkara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ejura. A kakar bara ganyen masara ya karce masa idon dama, aka yi ta ɗiga masa ruwan ganye da wani magani da aka sayo a kemis. Da ciwon ya lafa sai wani farin tabo ya zauna a kan baƙin idon, yanzu haske kawai yake gani da shi. Da na je gaishe shi na ga mutane da dama a ƙauyen masu irin wannan tabo, abin da ban cika gani a Kumasi ba. Shin yanar ido ce, kuma da gaske ta fi yawa a karkara?
Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika bayyana ya fi kama da hakiya, ko da yake likitan ido ne kaɗai zai tabbatar bayan ya duba shi. Yanar ido tana fitowa ne daga cikin ido, galibi da tsufa, kuma ana cire ta da ƙaramin aiki mutum ya koma gani. Hakiya kuwa tabo ce a kan fatar nan mai garai-garai kamar gilashin agogo da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, kuma idan gyambo ya ci ta ya warke, wurin yakan zama fari ya tare hanyar haske.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Ghana a 2015 ya nuna cewa yanar ido ce ke da alhakin fiye da rabin makanta, sai hawan jinin ido, yayin da cututtukan koniya suka ɗauki kusan kashi 11 cikin 100. Abin da idonki ya gane miki a ƙauye kuma ba ƙarya ba ne, domin kusan duk abubuwan da ke jawo hakiya sun fi samun mutumin karkara.

Babbansu a yau shi ne rauni a gona. Ganyen masara, ƙaiƙayin shinkafa lokacin sussuka, reshen koko ko tsinken da ya fallatsa daga bakin adda, duk sukan karce ido su bar ƙwayoyin cuta a ciki. A ƙasa mai zafi da laima irin tamu, ƙwayoyin fangas, dangin funfuna, su ne kan gaba, har wani bincike da aka yi a Accra a shekarun 1990 ya same su a fiye da rabin masu gyambon koniya da gwaji ya gano ƙwayar cuta a idonsu. Maganin ɗigo na yau da kullum ba ya kashe su, wanda ke da sinadarin sitiroyid kuwa sai ya rage ja da zafi, mai ciwo ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali cutar tana ƙara nutsewa. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin karcewar da za ta iya warkewa cikin 'yan kwanaki takan zama makanta saboda nisan asibiti, da jiran a gama girbi, da ɗiga nono ko ruwan ganye ko ruwan sukari a ido.

Tsofaffin da kika gani wataƙila tun suna yara suka samu tabon, lokacin da ƙyanda da ƙarancin bitamin A ke lalata idanun ƙananan yara, abin da allurar rigakafi da ɗigon bitamin A a wurin awo suka rage ƙwarai. Akwai kuma amosanin ido, wanda ke lanƙwasa gashin ido ciki ya yi ta gogar koniya. Ya taɓa addabar arewacin ƙasar nan, amma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Ghana ta shawo kansa, ita ce ta farko a Afirka kudu da Sahara. Makantar bakin kogi da baƙin ƙuda ke yaɗawa a yankunan kogin Volta da rassansa ita ma ta bar wa wasu tabo.

Game da Baba, ki kawo shi sashen ido na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a duba zurfin tabon da kuma ko cikin idon yana da lafiya. Hakiyar da ta daɗe ba ta wankuwa da magani, don haka kada ku kashe kuɗi wurin mai cewa zai goge ta. Idan ta rufe tsakiyar ido, dashen koniya ne mafita, sai dai samun wadda za a dasa yana da wuya a ƙasar nan. Idon hagunsa ne abin lallaɓawa yanzu: ki saya masa tabarau na kariya don girbi da sussuka, kuma duk ranar da wani abu ya sake faɗa masa a ido, a wanke da ruwa mai tsabta, a kai shi wurin ma'aikacin ido a asibitin gunduma a ranar, ko da zafin bai yi tsanani ba.