Ina mazaɓar Finchley ta Margaret Thatcher ta shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa Margaret Thatcher ta shafe fiye da shekara talatin tana wakiltar wata mazaɓa mai suna Finchley a birnin Landan, amma da na duba sakamakon zaɓen Birtaniya na 2024 ban ga wannan suna shi kaɗai ba. Soke ta aka yi? Kuma da gaske ne kujera ce da ba a iya kayar da jam'iyyarta a cikinta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwarai an soke ta. An ƙirƙiro mazaɓar Finchley a 1918, aka rufe littafinta a zaɓen 1997. Tana arewacin Landan, kuma ginshiƙanta su ne unguwannin Finchley da Friern Barnet. A shekara 79 da ta yi, mutum shida kaɗai suka wakilce ta, biyar daga cikinsu 'yan jam'iyyar Conservative. Na shidan shi ne Atholl Robertson na jam'iyyar Liberal, wanda ya ci a 1923, bai kai shekara guda ba Edward Cadogan ya ƙwace kujerar a 1924. John Crowder ya karɓa a 1935 ya riƙe har 1959, sannan Thatcher, sannan Hartley Booth daga 1992.

Wanda ya tsaya a wannan jeri zai ce kujerar gado ce. Alƙaluman ƙuri'a ba su ce haka ba, kuma nan ne amfanin tambayarka yake.

Thatcher ta zo Finchley ne bayan ta sha kaye sau biyu a mazaɓar Dartford, a 1950 da 1951. An ba ta tikiti a 1958, ta ci zaɓen 1959 da tazarar ƙuri'a 16,260. Ba ta sake ganin irin wannan tazara ba a sauran zaɓuɓɓuka takwas da ta tsaya a can. A 1964 tazarar ta faɗo zuwa 8,802, kuma wanda ya zo na biyu ɗan Liberal ne, John Pardoe, ba ɗan Labour ba. Wannan yana da tushe a cikin unguwa. Finchley tana da Yahudawa masu yawa, kuma a shekarun 1950 an yi ta ce-ce-ku-ce kan zargin cewa ƙungiyar wasan golf ta garin tana hana Yahudawa shiga, ana kuma ganin akwai hannun wasu 'yan Conservative na yankin. 'Yan Liberal suka riƙe wannan magana gam, suka yi ta cin kujerun kansila. Sai da Thatcher ta yi shekaru tana bin taruka da wuraren ibada tana gyara wannan ɓaraka, kuma a ganina wannan aiki na ƙafa ya taimake ta fiye da yadda ake faɗa.

Ranar da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada ita ce ta zaɓen Oktoba 1974. Ga yadda aka raba ƙuri'un: Thatcher 16,498, Labour 12,587, Liberal 7,384. Tazara 3,911 ke nan. Haɗa na Labour da na Liberal ka gani, sun kusa dubu ashirin, wato sun fi nata nesa. Abin da ya cece ta shi ne tsarin zaɓen: duk wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba, babu zagaye na biyu. Irinsa ake bi a zaɓen majalisar wakilai ta Najeriya, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinka. Muddin 'yan adawa sun kasu biyu, mai kashi 44 cikin ɗari yana wucewa. Wata huɗu bayan wannan zaɓe, a Fabrairu 1975, ta zama shugabar jam'iyya. Da mutum dubu biyu sun sauya sheƙa daga wurinta zuwa Labour, da tarihin Birtaniya ya ɗauki wata hanya dabam.

Ko lokacin da take Firaminista tazarar ba ta taɓa kai dubu goma ba: 7,878 a 1979, 9,314 a 1983, 8,913 a 1987. Booth ya ci da tazarar 6,388 a 1992.

Yanzu maganar sokewa. A Birtaniya ba majalisa ke zana iyakokin mazaɓu ba, akwai hukumar shata iyaka mai zaman kanta ga Ingila, da irinta ga Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Tana ɗaukar yawan masu rajista, ta raba da yawan kujeru, ta sami adadin da ya kamata kowace mazaɓa ta kusanta. Tubalin ginin su ne gundumomin kansila, ana ɗauke wannan a manna wa waccan. Sai ta fitar da shawara ta farko, a saurari koke-koken jama'a da jam'iyyu, ta gyara, ta miƙa rahoto. Sabuwar taswira ba ta fara aiki sai a babban zaɓe na gaba. A bitar da aka yi a farkon shekarun 1990 an ga ƙaramar hukumar Barnet, inda Finchley take tun 1965, ba ta da masu zaɓen da za su cika kujera huɗu. Aka mayar da su uku. Friern Barnet ta koma mazaɓar Chipping Barnet, sauran Finchley aka haɗe da Golders Green da maƙwabtanta daga tsohuwar mazaɓar Hendon ta Kudu, aka sa wa sabuwar suna Finchley da Golders Green. Ita ce ka gani a jerin 2024.

Haɗewar ta bar 'yan majalisa biyu na Conservative suna neman tikiti ɗaya. John Marshall na Hendon ta Kudu ya doke Booth, sai shi ma Marshall ɗin Rudi Vis na Labour ya kayar da shi a 1997. Mike Freer ya dawo wa Conservative da kujerar a 2010, Sarah Sackman ta Labour ta karɓe a 2024.

Idan za ka yi nazarin alƙaluman da kanka, kula da abu biyu, don nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Kada ka jera sakamakon 1992 da na 1997 ka ce ga yadda mutanen Finchley suka juya baya, domin ba mutane ɗaya ba ne suka jefa ƙuri'ar. Masana suna sake lissafa tsohon zaɓe a kan sabuwar taswira ta amfani da sakamakon zaɓen kansiloli, kuma wannan ƙiyasi ne, yana iya kaucewa. Haka ma tsakanin 1970 da Fabrairu 1974: an rage girman mazaɓar a lokacin, shi ya sa faɗuwar tazara daga 11,185 zuwa 5,978 ba duka ba ne fushin jama'a, ko da yake an yi fushi da Thatcher sosai kan janye madarar kyauta ga 'yan makaranta masu shekara bakwai zuwa sha ɗaya lokacin da take ministar ilimi. Don haka ka riƙa kwatanta kason kowace jam'iyya cikin ɗari, ba yawan ƙuri'a tsagwaro ba, kuma ka fara duba shekarun da aka taɓa iyaka kafin ka ja layi tsakanin zaɓe biyu.