Ka Ɗaure Inji, Ya Shiga Ruwa Yana Tari

Ɗana, na ji tambayarka, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka sake taɓa aljihun mai kaya. Ka ce babur ɗin ruwan da aka kawo maka mai silinda biyu ne, mai kafireta, inji mai bugu biyu irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Fistin na baya ya kama, ka sauke inji, aka yi borin, ka sa sabon fistin da ringi da gasket, ka ɗaure. A kan tirela da tiyon ruwa bugu ɗaya yake tashi, yana amsa totur tsaf. Da an jefa shi ruwa aka wuce rabin totur sai ya fara misin, ƙarfi na zuwa yana ɗaukewa. Ka canza filogi sau biyu, yanzu ranka ya tafi kan koyil da akwatin wuta. Kada ka saya tukuna. Kuma kada ka bar kowa ya sake hawa ya buɗe masa totur sai mun gano bakin zaren.

Ni ma ina da tambaya gare ka: me ya kama fistin ɗin da farko? Ba ka faɗa mini ba, kuma ina zaton ba ka bincika ba. Fistin ba ya kamawa haka kawai. Ko fetur ya yi masa kaɗan, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba, ko baƙin mai ya yanke, ko ruwan sanyaya inji ya tsaya. Kai ka canza abin da ya mutu, amma abin da ya kashe shi yana nan zaune a cikin injin, yana jiran sabon fistin. Shi ya sa misin bayan ɗaurin inji yake tayar mini da hankali fiye da kowane misin. A irin wannan inji, baƙin mai yana bin hanyar da fetur ke bi ne ya isa jikin fistin, kuma fetur ɗin kansa yana rage masa zafi. Silindar da ke jin yunwar mai tana zafi, tana bushewa, kuma a cikakken totur ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta sake kamawa. Na taɓa ɗaure inji sau biyu a wata ɗaya ina yaro, saboda ɗan ƙaramin matacin da ke cikin kafireta wanda bai kai kan ɗan yatsa ba. Ban buɗe kafiretar ba, na ce ai ba ita ta lalace ba. Har yau ina jin zafin wannan aikin.

Batun tirela kuwa, ka cire shi daga lissafi. Babur ɗin ruwa ba shi da giya, farfelarsa a haɗe take da inji kai tsaye. A tudu iska kawai take juyawa, babu nauyi ko kaɗan, don haka inji mai silinda ɗaya da rabi ma sai ya yi maka kukan lafiya. Cikin ruwa ne ake tambayarsa ƙarfi. Idan ba za ka iya fita da shi ba, ka mayar da tirelar baya cikin ruwa, babur yana ɗaure tamau, a wurin da ke da zurfin da famfo ba zai zuƙi yashi ba, ka gwada a nan. A kan tiyo kuma ka riƙe ƙa'ida: inji ya tashi kafin ka buɗe ruwa, ka rufe ruwa kafin ka kashe inji, in ba haka ba ruwa zai bi salansa ya cika silinda. Kada ka wuce 'yan mintoci.

Kafin komai, ka tabbatar misin ne. Idan kukan inji yana haurawa sama amma babur ba ya tafiya, famfon ruwa ne ke zuƙar iska ko zoben da ke kewaye da farfela ya cinye, inji ba shi da laifi. Idan kuma yana yankewa daidai wuri guda kullum kamar an sa masa iyaka, duba na'urar jin zafi da wayarta, domin da yawansu suna rage gudu da kansu idan suka ji zafi ya yi yawa.

Akwai gwaji guda da ba ya cin ko sisi, kuma masu zuwa daga gyaran mota ba su san shi ba. Cire kujera ka gwada shi a buɗe. Injin nan a cikin rufaffen ciki yake zaune, iskar da ke cikin wannan ciki yake shaƙa. Lokacin da ka sauke inji ka kwance salansa, ka mayar. Idan gasket ɗinta bai zauna ba, ko ka manta ɗaure zoben wata roba, hayaƙi zai cika cikin babur, inji ya riƙa shaƙar hayaƙin kansa. A tirela ba ka gani ba domin kujera a cire take kana leƙe. A ruwa an rufe, bayan minti ɗaya ko biyu sai tari ya fara. In ka cire kujera ya warware, ka gama neman ciwo. Kana nan kuma ka duba ko wani tiyon ruwa yana fesa wa wayoyin filogi.

Idan ba nan ba ne, sai mu tambayi filogi. Canza filogi ba tare da karanta shi ba asarar shaida ce. Sa sababbi masu lambar da littafin injin ya ce, ka gyara tazarar bakinsu da geji, ka kai inji daidai inda yake misin na 'yan daƙiƙu kawai, sai ka fizge igiyar kashe inji totur na riƙe. Ka yi haka a sarari, domin babur ɗin ruwa ba ya juyawa idan inji ya mutu. Cire filogin, kada ka haɗa na gaba da na baya. Ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, lafiya. Baƙi jiƙe da mai, ko dai wuta ba ta isa ko mai ya yi yawa. Fari fat a bushe, ko da ɗigon toka-toka na alminiyam, yunwar mai ce, ka kashe inji ka dawo a hankali. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a baki, ruwa ne ke shiga silinda ta gasket ɗin kai ko na salansa. Chok ma yana magana: idan yana cikin tari ka ja chok kaɗan ya farfaɗo, mai ne ya yi masa kaɗan, idan ya ƙara shaƙewa, ya yi yawa.

Ka tuna kuma sabon inji ake ƙara wa baƙin mai a tankin farko, wasu na zuba kashi 1 cikin 50 a fetur alhali famfon baƙin mai na aiki. Wannan kaɗai yana iya jiƙa filogi, musamman in an daɗe a silo, wato inji na kunne ba a taɓa totur ba. Sai dai irin wannan tarin yakan washe idan inji ya yi zafi, naka kuwa ƙaruwa yake yi da totur.

Zuciyata ta fi karkata ga mai da iska, saboda tarihin injin. Sauke kafiretocin biyu ka buɗe su gaba ɗaya. Yawancin waɗannan babura kafiretar Mikuni suke ɗauka, irin wadda ba ta da kwanon mai, da fatar roba da bugun iska daga cikin inji take aiki. Duba ɗan matacin ciki, duba fatar ko ta ƙage, busa kowace ƙaramar ƙofa. Gwada matsin da allurar shigar mai ta kafireta ke buɗewa da ɗan famfo mai geji, ka ga ya yi daidai da littafi, kuma biyun su zo kusa da juna. Mayar da sukurorin mai yadda kamfani ya ƙirga, kada ka saita da kunne a kan tirela. Tiyon da ke kawo bugun iska zuwa famfon mai ka duba shi da kyau, tsaga kamar gashi ta isa ta rage mai a babban gudu. Tsofaffin tiyon fetur suna ruɓewa daga ciki su toshe matacin da ka wanke jiya, in sun tsufa ka canza su duka. Ka tabbatar ba ka musanya tiyon kawo mai da na mayarwa ba. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki ana jiran kaya kuwa, zuba shi a kwalba ka ɗaga sama, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa.

Sai gwajin yoyon iska, wanda ya kamata ka yi tun inji na kan tebur. Toshe bakin kafireta da na salansa da roba da faranti, hura iska kamar psi 5 zuwa 6, ka zuba ido ga allurar geji na wasu mintoci. Kada ka cika matsi, za ka ture sil, wato zoben robar da ke hana iska da mai yoyo ta jikin kiranshaf. In allura na sauka, bi da ruwan sabulu: gindin silinda, gindin kafireta, mahaɗar bulok, da sil ɗin kiranshaf na baya. Kai aikin sama kawai ka yi, tsohon sil yana nan a ƙasa, kuma silindar baya ce ta kama. Ni a nan zan fara neman kumfa.

Matsin silinda ma ka auna, filogi duka a cire, totur a buɗe, batir da caji, wayoyin filogi a jingine da jikin inji. Bambanci tsakanin biyun kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ya wuce, ko ringi ya karye wajen sawa, ko ka juya fistin, kibiyar da ke kansa bangaren salansa take kallo. Idan injin Rotax ne mai faifan da ke buɗe hanyar mai, haƙori ɗaya in ya goce tayimin ya tafi. Idan Yamaha ne ko Kawasaki mai 'yan harsunan bawul, duba ko ɓarɓashin tsohon fistin ya gutsure ɗaya.

Wuta ita ce ta ƙarshe a wurina, kuma ko a nan ba daga koyil ake farawa ba. Me hannunka ya taɓa? Baƙar wayar da ke ɗaure a jikin inji tana mayar da wuta batir: in ka yi wa bulok fenti ka ɗaure ta a kan fenti, ko ka bar ta sako-sako, za ka ga misin mai zuwa yana tafiya. Kankare wurin sai ƙarfe ya fito. Kwance hular filogi, yanke ɗan ƙarshen wayar da ya yi tsatsa, ka mayar, ka auna hular da mita, yawanci kusan om 5,000 take bayarwa. Ganin tartsatsi a fili ba hujja ba ne, a ƙarƙashin matsi wuta ta fi shan wuyar tsallakawa, don haka ka yi amfani da magwajin da ke da tazarar milimita 6 zuwa 7. Fulawil in ba a ɗaure shi da ƙarfin da littafi ya ce ba, ɗan makullinsa yakan yanke, lokacin wuta ya goce. Sa mita a batir inji na gudu: tsakanin bolt 13.5 da 14.5 ake so. In ya haura 15 ko yana tsalle, rektifaya ce, na'urar da ke daidaita cajin batir, kuma takan rikita akwatin wuta daidai a babban gudu, mutum ya yi ta zargin kafireta.

Ina roƙonka abu ɗaya a nan, ɗana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan cikin babur yake kwanciya ba ya fita. Kada ka taɓa gwada tartsatsi ko ka taɓa kan batir sai ka buɗe kujera, ka sansana, ka bar iska ta ratsa. In ka ji warin fetur, nemo inda yake zuba tukuna.

Ranar da aka kawo maka mai bugu huɗu da nozul mai fesa fetur maimakon kafireta, tunanin bai canza ba, kayan ne suka canza: karanta abin da kwamfutar inji ta ajiye, musanya koyil tsakanin silinda ka ga ko ciwon ya bi shi, haka nozul, sannan ka sake duba alamomin sarƙar tayimin da soket ɗin da ka cire. In baƙin mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga.

Gobe da safe ka fara da kujera, sannan filogi, sannan matsi. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, ka rubuta abin da ka gani. Ka zo mini da filogin biyu, kowanne da alamar silindarsa, ka haɗo da tsohon fistin ɗin da ya kama in ba ka yar ba. Ina so in ga gefen da ya ƙone, na salansa ne ko na kafireta.