Ba hannunki ba ne, ruwan kabewar ne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi ina karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi dariya, ba don ina miki ba, sai don na tuna kaina. Kin ce kina son yin curin cakulet mai kabewa, kin narka farin cakulet kin zuba kabewar gwangwani a ciki, nan take ya dunƙule ya koma kamar tsakin masara. Kin sake wani, shi kuma ya kwana a firij ya ƙi curuwa, yana bin hannu, ga shi ranar Asabar za ki kai makarantar yara. Duka biyun sun same ni, kuma ni a gaban mutane na sha tawa kunyar.

Shekarata ta biyu ke nan a jihar Ohayo ta Amurka lokacin. Kin san yadda kaka take a nan, da Satumba ta kama komai ya zama kabewa, kofi kabewa, biskit kabewa, har kyandir. Mu da muka tashi ba mu san ta da komai ba sai miyar taushe da fate, sai ga ta a cikin alawa. Maigidan ya kai mu bikin kabewa na garin Circleville a watan Oktoba, can na fara ɗanɗana curin cakulet ɗin nan da suke kira turafil, na ce ai wannan dawo ne kawai aka sa wa rigar Turawa, me zai gagare ni? Wadda ta iya cura fura ta mirgina a gari ai ta gama. To ƙaramin sani ƙunƙumi.

Ana nan sai wata daga cikin matan ƙungiyarmu ta haihu, aka raba aikin walimar suna. Wata baiwar Allah, ba zan kama suna ba don tana iya kasancewa a nan tana karantawa, ita ta tsaya a gaban mata ta ce ai ni na iya kayan zamani, a bar mini kayan zaƙi, guda ɗari. Ban taɓa cewa na iya ba. Sau ɗaya na yi guda goma sha biyu a gida, su ma cokali yara suka sa suka sha. Amma kunya ta hana ni musawa. Na kwana a kicin, Allah shi ne shaida, sai da na ji ƙarar agogon asuba ina tsaye. Kwaɓin farko ya dunƙule na zubar, fakiti uku. Na biyu ya yi ruwa, na ce bari in cusa a firiza ya daskare. Ya daskare kuwa, na cura da sauri na tsoma a cakulet mai zafi, ina gani suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya, ruwan ɗorawa yana tsattsafowa ta gefe. Haka na jera a tire na rufe. A mota maigidan ya kunna hita saboda yara, tafiyar minti arba'in. Da aka buɗe tiren nan a tsakar falo, ƙanwata, babu curi ko ɗaya, duk sun haɗe sun zama abu guda. Sai matar nan ta ɗaga murya ta ce, "Ikon Allah, faten kabewa kika kawo mana ashe, a kawo ludayi." Aka kwashe da dariya. Har hoto ta ɗauka. Na shiga bayi na kulle na yi kuka na wanke fuska na fito ina murmushin dole. Abin da ya fi ci mini rai, ita ko lemo ba ta kawo ba, kuma da za a tashi da idona na ga ta cika roba da faten da ta raina ta sa a jaka. Na yafe mata don Allah, muna gaisawa, amma har yau in na ga tire mai murfi sai gabana ya faɗi.

Yi haƙuri na yi nisa. Abin da na gano daga baya shi ne kabewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, ko ta gwangwanin da kike gani da kauri. Shi kuma cakulet mai ne da sukari da gari, ba ruwa a cikinsa. In ɗan ruwa kaɗan ya taɓa shi yana narke, sukarin ne ke jiƙewa ya manne da juna, shi ne dunƙulewar da kika gani. Balle kuma kin zubo ta da sanyinta. In kuwa ruwan ya yi yawa, ba zai dunƙule ba amma ba zai taɓa ɗaurewa ba. To kin ga kin faɗa rami biyun duka.

Saboda haka kafin komai ki soya kabewar. Juye gwangwanin gaba ɗaya, giram 425 ne, a kaskon da ba ya kamu, ba mai ba ruwa, wuta madaidaiciya, ki riƙa tuƙawa kamar minti 12 zuwa 15. Za ki ga ta ƙafe ta koma kusan rabi, launinta ya yi duhu, in kin ja muciya hanya ta tsaya ba ta rufe ba. Kamar dai yadda muke ƙafe markaɗen tumatir. Har ƙamshinta sai ya canza, wannan gafin na ɗanya ya tafi. Kuma don Allah ki duba jikin gwangwanin, akwai mai zallar kabewa, akwai wanda aka riga aka haɗa da sukari da kayan ƙamshi don yin fai, wani gashin kayan zaƙi na Turawa. Gefe da gefe ake jera su, hotonsu kusan ɗaya. Zallar za ki ɗauka. Ni Libby's nake saye, amma na shagon ma yana yi. Kar ki ce za ki dafa irin ƙatuwar da ake sassaƙa wa fuska a ƙarshen Oktoba, ruwa ce da zare kawai. In ɗanya kike so, ki nemi ƙaramar mai zaƙi ki gasa a oben, kar ki tafasa.

Ga awon da na tsaya a kai bayan ɓarnar da ba zan iya lissafawa ba: farin cakulet giram 340, soyayyiyar kabewa giram 80, kirim mai kauri cokali 2 babba, bota cokali 1, gishiri ɗan yatsa biyu. Ki yayyanka cakulet ɗin ƙanana a kwano busasshe. Ki ɗumama kabewar da kirim da botar tare har su fara huci, sannan ki juye a kansa. Su ne za su je wurinsa da zafinsu, ba shi zai karɓe su da sanyi ba. Ki bar shi minti biyu kar ki taɓa, sai ki juya a hankali daga tsakiya. In wani gutsure ya ƙi narkewa, ɗora kwanon a kan ruwan zafin da kika riga kika sauke. Farin cakulet ba ya son wuta ko kaɗan, ya wuce digiri 45 a ma'aunin Celsius ya fara ƙonewa. Ki kuma karanta bayan fakitin, da yawa daga cikin ƙananan fararen nan na leda babu man koko a cikinsu, man kwakwar manja ne, ba sa narkewa da kyau. Cakulet mai sanda ya fi.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mini: kabewar kanta ba ta da wani ɗanɗano a cikin cakulet. Abin da mutane suke ji su ce kabewa, kayan ƙamshi ne, kirfa da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, duk muna da su a kicin. Kirfa ƙaramin cokali ɗaya, citta rabi, gyaɗar ƙamshi kwata, kanumfari ɗan mitsitsi don yana danne kowa. Ki zuba su tun a kasko su ji wuta. Ni har masoro nake ɗan barbaɗawa, wata maƙwabciyata Baturiya ta yi ta tambayar sirrin. Shi ya sa ma na daina yin cikin da baƙin cakulet, yana haɗiye komai, sai dai a yi masa riga da shi.

Af, kafin in manta, wasu girke-girken da za ki gani a intanet suna sa giya a ciki, ki tsallake, ba abin da take ƙarawa da za ki rasa. Ruwan banila na kwalba ma a ƙasar nan da barasa ake jiƙa shi, aƙalla kashi 35 cikin 100. Akwai na gari da wanda aka rubuta babu barasa, shagunan halal suna kawowa. Na sani an sha musu kan wannan a nan, ba tayar da shi nake ba, nawa dai na faɗa.

Kwaɓin ya yi awa uku ko huɗu a firij, a rufe. Ba firiza ba, ki ji ni da kyau. Ki ɗebo da cokali ki jera, ki mayar minti goma sha biyar, sannan ki cura da hannu mai sanyi. Tunda Asabar ta matso, shawarata kar ki tsoma su a cakulet sam. Ki mirgina a dakakken biskit mai citta, ko garin koko, na cakulet fa ba na kamu ba, ko soyayyiyar gyaɗa. Af, gyaɗa a'a, makaranta kika ce, wasunsu sun hana saboda yaran da jikinsu ba ya so, ki fara tambayar malamar. In kin nace sai kin tsoma, ki sayi irin na tsomawa da ba ya buƙatar auna zafi, ki fito da curin ya sha iska minti goma, cakulet ɗin kuma ya zama ɗumi-ɗumi. Daskararren ciki da riga mai zafi shi ya tsaga mini nawa.

Wancan da ke firij ɗinki kar ki zubar. Ki narka wani farin cakulet giram 100 ki haɗa, ko ki daka biskit ki riƙa zubawa har ya kama jikinsa. Wanda ya dunƙule ma, in bai ƙone ba, kirim mai zafi cokali-cokali kina juyawa zai sake shi, sai dai ya zama na zubawa a kan kek. Ni na zubar da nawa don rashin sani, har yau ina jin ciwon kuɗin.

Kar su wuce mako a firij, akwai kirim a ciki. Ranar kaiwa ki sa su a kula da ƙanƙara a ƙasa da tawul a tsakani, ki ajiye a but ɗin mota, nesa da hita. In kin isa kar ki buɗe murfin nan take, ki bari sanyin ya sake su, in ba haka ba za su yi gumi. Kuma ki yi guda talatin kawai, ko wa ya ce ɗari ki ce masa ba ki iya ba. Ki fara soya kabewar yau da daddare ki turo mini hotonta a kaskon, zan gaya miki in ta ƙafe ko da saura.