Shin sai an zubar da ruwan inji duka kafin a canza gaskit?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babbar mota mai injin dizal da nake dakon siminti da ita daga Ashaka zuwa Bauchi. Kwanan nan ta fara shan ruwa tana zafi, farin hayaƙi yana fita ta salansa, bakanike kuma ya ce gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone. Ya ce tiyon ƙasan lagireto kawai zai zare, sai ya ɗaga kan. Shin hakan ya wadatar? Daga wani mai mota a Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Hakan bai wadatar ba, kuma ina ba ka shawara ka tsaya kai da fata a kan a zubar da ruwan gaba ɗaya kafin a sa sifana a kan ƙusa ko ɗaya.

Ruwan da ke sanyaya inji ba a lagireto kaɗai yake zaune ba. Yana cikin hanyoyin da ke kewaye da silinda a jikin bulok, wato gangar jikin inji, yana cikin kan injin kansa, da famfon ruwa, da na'urar sanyaya baƙin mai, har da hitar ɗakin direba, kuma a manyan motoci jimillarsa takan haura lita 30. Idan aka zare tiyon ƙasa, a wasu injuna ruwan yakan sauka ƙasa da bakin bulok, a wasu kuwa saura yakan tsaya, kuma ba za a san wanne ne ba sai an ɗaga kan, lokacin da aikin gama ya riga ya gama.

Wannan sauran ruwa wurare uku yake shiga. Yakan kwarara cikin silinda ya zauna a kan fistin, ya sa tsatsa, idan kuma aka tayar da inji da shi a ciki, to ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka a injin dizal mai matsi mai ƙarfi sandar fistin tana iya lanƙwashewa nan take. Yakan bi hanyoyin baƙin mai ya gangara ƙasa, ya gurɓata man, ya cinye boris. Wuri na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi damuna: ramukan ƙusoshin kan inji. Yawancinsu ba su da mafita ta ƙasa, saboda haka idan ruwa ya taru a ciki aka ɗaure ƙusa a kansa, ma'aunin ɗauri zai nuna ta kai alhali ba ta danne gaskit yadda ya kamata ba, ko kuma matsin ruwan ya tsaga bulok ɗin. Sabon gaskit da ya sake ƙonewa bayan 'yan makonni sau da yawa daga nan matsalarsa take farawa.

A bar injin ya huce sarai, in so samu ne ya kwana. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, kuma buɗe shi a wannan hali yana watsa wa mutum ruwa da tururi a fuska. Bayan ya huce, a cire batir, a buɗe murfin domin iska ta shiga, a mayar da hita wajen zafi, sannan a buɗe mazubar ƙasan lagireto. Daga nan sai a nemi toshiyar da ke gefen bulok a kwance ta. Idan ba abin da ya fito, kada a ɗauka bulok ya bushe, domin laka da tsatsa ne sukan toshe ramin, musamman a motar da ta daɗe tana shan ruwan rijiya. A zura waya a hankali har ya ɓalle.

A tara ruwan a cikin mazubi, kada a sake shi a ƙasan gareji ko cikin kwata. Sinadarin da ke cikin ruwan sanyaya inji mai launi yana da zaƙi, awaki da karnuka suna lasarsa, yaro ma yana iya sha, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Tara shi yana kuma ba da damar a duba ko akwai mai yana yawo a samansa. Wanda ya fito daga injin da gaskit ɗinsa ya ƙone ba a mayar da shi, saboda hayaƙi ya riga ya gurɓata shi.

Akwai ƙarin hattara ga injuna masu silindar da ake zarewa, wadda ruwa ke taɓa bayanta kai tsaye, kamar yawancin na MAN da Scania. Da zarar an ɗaga kan, kada a juya inji sai an danne silindojin, domin fistin yana iya tura ɗaya sama, robar ƙasanta ta saki, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai bayan an gama aiki.

Kafin a ɗora sabon gaskit, a busa ramukan ƙusoshi da iska har su bushe, a gwada ko kan injin bai karkace ba saboda zafin da ya sha, a kuma ɗaure ƙusoshin daga tsakiya zuwa gefe bisa ma'aunin da kamfanin ya tsara. A canza baƙin mai da matatarsa. Wajen cikawa, a yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan burtsatse zalla ba, domin mota mai cike da siminti a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe takan kai digiri 40, ba ta jure lagireto mai tsatsa. A bar injin ya yi aiki a tsaye har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe, iska ta fita, a ƙara ruwa bayan ya huce. Ka kuma sa bakaniken ya duba fanka da fanbel da famfon ruwa, ya gano abin da ya fara kawo zafin kafin motar ta sake ɗaukar kaya.