Sikanarmu ta layi tana yawan ƙin karanta lamba, mu canza ta ne?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni ne mai kula da sashen cika kwali a wata masana'anta a Sharaɗa, Kano. Muna da sikana a kafe a saman bel wadda ke karanta bakod, wato lambar nan mai layi-layi, a jikin kowane katan kafin ya wuce sito. Kwana biyun nan tana yawan ƙin karantawa, sai hannun da ke ture kaya ya fitar da katan gefe, aiki ya yi ta tsayawa, manaja kuma a kaina yake saukewa. Na gwada da wayata, duk lambobin suna karantuwa lafiya lau. Wani mai gyara ya ce ko mu sayi sabuwa, ko ya saita PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa bel ɗin, ta riƙa barin katan yana wucewa ko da ba a karanta ba. Wallahi ina tsoron kada aikina ya tafi a kan wannan. Me zan yi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce sikanar ce ta mutu. Irin waɗannan sikanoni na kamfanonin Cognex da Keyence da SICK da Datalogic an gina su ne don su shekara da shekaru a cikin zafi da girgiza. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Goge gilashin gabanta da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta dushe mata gani. Duba ƙarfen da ke riƙe da ita, ko girgizar bel ta kwance ƙusa ta sauya mata kusurwa. Sikana ba ta son kallon lamba kai tsaye, ana ɗan karkata ta kamar digiri 10 zuwa 15, don kada haskenta ya bugi leda ko salatif ya dawo mata ido. Sannan ka tambayi masu aikin dare ko wani ya ƙara gudun bel. Idan bel na tafiyar mita 1 a daƙiƙa, siririn layin lambar kuma milimita 0.33 ne, to cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa katan ya riga ya matsa faɗin layi uku. Idan sikanar mai kyamara ce, dole ta ɗauki hoto cikin lokacin da bai kai sulusin wannan ba, kuma hakan sai da haske mai ƙarfi.

Yanzu ga maganar "wayata ta karanta", wadda na gaji da jin ta. Waya ba shaida ba ce. Kai kana tsaye, katan yana tsaye, kana matsawa gaba kana ja baya har ta samu yadda take so, tana ɗaukar hotuna barkatai har ɗaya ya dace. Sikanar layi kuwa ƙiftawar ido take da ita, daga nisa guda, a kusurwa guda. Lambar da ta sha da ƙyar a hannun waya za ta faɗi a kan bel. Ingancin bugun lamba yana da ma'auninsa: ISO/IEC 15416 ga masu layi-layi, ISO/IEC 15415 ga masu murabba'i irin su Data Matrix, ana ba da maki daga 4 zuwa 0, kuma da na'urar tantancewa ta musamman ake aunawa. Sau da yawa idan na je irin wannan kira, laifin na firinta ne. Kan bugawarta ya ƙone a wuri ɗaya, sai wani farin zare siriri ya bi tsawon baƙin layi ya raba shi biyu. Ɗauki lebul guda ka kai shi bakin taga ka duba da kyau, za ka iya ganinsa. Ko kuma mai tsara lebul ya matso da tambarin kamfani ya cinye farin filin da ake bari a gefen lamba, wanda a nau'in bakod da ake kira Code 128 dole ya kai faɗin siririn layi sau 10 a kowane ɓangare.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne shawara ta biyu ta mai gyaran nan. Kada ka yarda, ko da manaja ne da kansa ya ce a yi. Mutane sun ɗauka ƙin karantawa shi ne matsalar, alhali sikanar da ta ce "ban gane wannan ba" gaskiya ta faɗa maka, kuma don ta faɗi hakan aka saye ta. Masu gyaran ganin ido suna da dabaru iri-iri na rufe mata baki, kuma duk na gan su. Wani ya cire umarnin ture katan. Wani ya sa PLC ta maimaita lambar da aka karanta ta ƙarshe idan sabuwa ba ta zo ba, sai katan ɗin da ba a san ko mene ne a cikinsa ba ya shiga kwamfuta da sunan na gabansa. Wani ya kashe duba lambar tabbatarwa ta ƙarshe, wadda da ita sikana ke gane ko ta karanta sauran daidai, ko ya buɗe wa sikana duk nau'o'in bakod da ta sani wai don ta fi "kamawa". Wannan na ƙarshen ya fi muni ga masu amfani da nau'in bakod na Interleaved 2 of 5, wato asalin ITF-14 da ake bugawa a jikin katan: idan hasken ya ratsa lambar a karkace ya kama rabinta, sikana na iya ɗaukar rabin nan a matsayin cikakkiyar lamba, muddin ba a ƙayyade mata cewa lambobi 14 take jira ba. Shi ya sa ake zagaye ITF-14 da baƙin layi mai kauri. Bayan irin wannan "gyara" allo zai nuna komai lafiya, manaja ya yi murmushi, a sallami mai gyara. Wata uku a gaba sai lissafin sito ya ƙi haɗuwa, ko dila ya dawo da mota guda ta kayan da ba su ya yi oda ba, kuma ranar ba wanda zai tuna da mai gyara, sunanka ne a takardar. Idan kuwa magani ko abinci kuke cikawa, abin ya wuce asarar kuɗi. NAFDAC ta ɗora tsarinta na bin sawun magunguna a kan ƙa'idojin GS1, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bakod a duniya, inda bakod ɗin ke ɗauke da lambar rukunin da aka sarrafa maganin a ciki da ranar lalacewa. Ranar da aka ce a janye rukuni guda daga kasuwa, da wane bayani za ku nemo shi, tunda kun koya wa na'urarku ƙarya? Amana ce a wuyanka, Malam, ba ta mai gyara ba.

Gobe da safe ka shiga manhajar sikanar ka kunna ajiye hoton duk katan ɗin da ta ƙi, idan mai kyamara ce. Tara kamar 20 ka duba. Hoto mai dishi-dishi a gefe guda gudu ne, farin tabo mai ƙyalli kusurwa ce, rabin lamba kuwa sensar da ke sanar da isowar katan ce ta goce. Idan hoton ya fito tas amma ba a karanta ba, ɗauki lebul ɗin ka nufi wurin firinta. Hotunan nan kuma su za ka ajiye a gaban manaja kafin a sake ɗaga maganar sayen sabuwa.