Shekara nawa farin beyar ke yi a duniya?

Tambaya: Malam, na ga farin beyar na yankin ƙanƙara a talabijin, abin ya ɗaure mini kai. Shekara nawa yake rayuwa, kuma ta yaya uwa ke haihuwa cikin wannan sanyi?

Amsa: A dawa, yawancinsu ba sa wuce shekara 15 zuwa 18, kodayake akan sami mai kaiwa 25 ko ma 30. A gidan namun daji, inda abinci ke zuwa ba tare da farauta ba, sukan fi daɗewa: wata mai suna Debby a birnin Winnipeg na Kanada ta haura 40 kafin ta mutu a 2008.

Batun haihuwar ne ya fi ban sha'awa. Barbara takan faru wajen Afrilu da Mayu, a kan ƙanƙarar teku. Sai dai cikin ba ya kankama nan take. Ƙwan da ya haɗu yakan tsaya cik, ba ya manne wa mahaifa sai wajen Satumba ko Oktoba, kuma idan macen ba ta tara isasshen kitse ba, cikin ba zai ɗore ba. Kitsen nan tana samun sa ne daga sil, wata dabbar ruwa da macen ke dako a bakin ramin da dabbar ke leƙowa shan iska.

Idan ta ƙoshi, sai ta haƙa rami cikin tarin dusar ƙanƙara ta shige. Tsakanin Nuwamba da Janairu take haihuwa, galibi biyu. Jaririn bai kai kilo ɗaya ba, ido a rufe, gashi ɗan kaɗan, alhali ubansa na iya kai kilo 600. Nonon uwar kusan kashi 30 cikin 100 kitse ne, shi ya sa kafin su fito a Maris ko Afrilu sun kai kilo 10 ko fiye. Duk tsawon wannan lokaci ba ta ci ba ta sha. A yankin Hudson Bay na Kanada, azumin nata kan kai wata 8.

'Ya'yan na bin ta kimanin shekara biyu da rabi suna koyon farauta. Da yawa ba sa tsallake shekarar farko, kuma bayan rabuwa da uwa ma wuya ce, don ba su gwanance ba, manya kuma na ƙwace musu abin da suka kama.

Mace kan fara haihuwa tana da shekara 5 ko kusa da haka, sannan sai bayan shekara uku uku. A ganina nan ne raunin wannan dabba yake: 'ya'yan da mace ɗaya za ta raina a rayuwarta ba su da yawa, don haka idan ƙanƙarar teku ta narke da wuri, lokacin farauta ya gajarce, gurbin waɗanda suka mutu ba ya cikewa da sauri.

Tsofaffi kuwa yunwa ce ke kashe yawancinsu, bayan haƙora sun lalace, ƙarfin kama sil ya ƙare.